Tambaya da Amsa: Ina Son Shiga Tsaron Intanet, Ta Wace Ƙofa?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk waje ɗaya suka nufa, wato aikin tsaron intanet da riƙe sashen kwamfuta a ma'aikata, wa zai shiga, da wace takarda, nawa za a kashe. Na ɗauki guda shida, sauran ku yi haƙuri, da yawanku amsarku na cikin ta farko. Kamar kullum ba na sa suna, gari kawai.

Tambaya daga Zariya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Na yi digiri a fannin kwamfuta, na gama bautar ƙasa bara har yanzu shiru ba aiki. Akwai wata cibiya da suka ce in kawo kuɗi su koya min CEH cikin sati shida, wai da na samu takardar banki ma za su neme ni ko in samu aikin waje ina ɗaki ana biyana da dala. Babanmu ya karɓi kuɗin sallamarsa ya ce zai biya, amma ni gabana faɗuwa yake yi kar kuɗin tsoho su tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan faɗuwar gaban taka ita ce abu mafi kyau a cikin saƙonka, ka riƙe ta. Kar ka taɓa kuɗin Baba tukuna.

Ba wai CEH, wato takardar shaidar ƙwarewa a gwajin kutse da izini, takardar bogi ba ce, a'a, ƙungiyar EC-Council ce ke bayar da ita kuma masu ɗaukar aiki sun san sunanta, kana ganinta a tallan guraben aiki. Amma asalin jarrabawar tambayoyi 125 ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, awa 4, kuma kuɗinta kaɗai yana kaiwa wajen dala 1,000, ka lissafa da canjin yau ka ga abin da nake nufi. Sannan ita kanta ƙungiyar sharaɗinta shi ne ko dai ka yi horo a cibiyar da ta amince da ita, ko ka nuna shekara 2 kana aikin. To tambaya ta farko da za ka yi wa mutanen nan, kuɗin da suka faɗa har da na zama jarrabawar ko na koyarwa ne kawai? Don da yawa abin da suke miƙa maka a ƙarshe takarda ce mai tambarin cibiyarsu wadda ke cewa ka halarci kwas, kuma wannan ko a bakin titi za a buga maka ita.

Yanzu mu zo kan ainihin maganar, wadda masu talla ba sa faɗa. Tsaron intanet ba ƙofar shiga ba ne, ɗaki ne na can ciki. Ba ka iya gadin gidan da ba ka san ƙofofinsa da tagoginsa ba. Na taɓa zama cikin masu yi wa mutane intabiyu a wani waje da na yi aiki, wani matashi ya shigo da fayil cike da satifiket har ina jin kunyar nawa, sai ɗaya daga cikinmu ya ce masa ga laftof nan, an jona ta da waya amma ta ƙi hawa intanet, me za ka fara dubawa? Wallahi gumi ya dinga yi. Bai san yadda kwamfuta ke samun adireshin IP ba, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet, bai san aikin DNS mai juya sunan shafi zuwa wannan lamba ba, amma a takarda shi ƙwararren mai kutse ne. Wanda aka ɗauka ranar wani yaro ne mai difloma wanda ya shekara biyu yana jan waya da saita rauta, na'urar da ke raba intanet, a otal-otal da makarantu, takardarsa ɗaya tak.

Saboda haka ga yadda zan yi da ni ne kai. Fara da netwok, yadda kwamfutoci ke magana da juna. Cisco, kamfanin da ke ƙera kayan netwok, suna da manhaja kyauta mai suna Packet Tracer, a cikinta za ka haɗa rauta da suwic (na'urar da ke jona kwamfutoci da juna) na gwaji ka lalata ka gyara ba tare da ka sayi ƙarfe ko ɗaya ba. In ka ji ka zauna da kyau sai ka nemi CCNA, takardar netwok ta Cisco, jarrabawa ɗaya ce mai lamba 200-301 tun gyaran da suka yi a 2020, kuɗinta dala 300. A gefe guda ka sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin taka, a laftof ɗinka ka ɗora Linux a ciki, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, ka saba da baƙin allon nan da ake rubuta umarni har ya daina ba ka tsoro, ka koyi Wireshark da Nmap, manhajojin binciken netwok, a kan na'urorinka na gida. Akwai TryHackMe, akwai OverTheWire, akwai makarantar PortSwigger ta intanet wadda kyauta ce gaba ɗaya, duk wuraren atisaye ne da aka gina musamman don a fasa, ba wanda zai kama ka. Abin da za su ci maka data ne da wutar caji, na san su ma ba ƙaramin abu ba ne a yanzu, amma ba su kai gefen kuɗin sallamar Baba ba.

Bayan nan sai takardar tsaro ta matakin farko. Security+ ta ƙungiyar CompTIA ita ce aka fi sani, sigar SY0-701 ta fito a Nuwamba 2023, tambayoyi ba sa wuce 90 cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuɗinta dala 400 da 'yan kai, kuma akwai darussanta cikakku kyauta a YouTube. Akwai kuma CC ta ƙungiyar ISC2 wadda ba ta buƙatar ka taɓa yin aiki, a 2022 ma sun ƙaddamar da shirin bai wa mutum miliyan ɗaya horo da jarrabawarta kyauta, ka leƙa shafinsu da kanka. Ka kuma sa ido kan shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023 zamanin minista Bosun Tijani, tsaron intanet na cikin fannonin da suke koyarwa kuma ba a biyan ko sisi.

Amma mafi girma duka, ka nemi aiki ko wane iri ne in dai za ka taɓa kwamfutocin mutane. Mai gyara firinta a asibiti, mai kula da cibiyar jarrabawar JAMB, yaron masu haɗa intanet a gidaje, ko kyauta ne na wata shida. Mu nan muna da girman kan digiri, mutum ya ce shi ya wuce jan waya, alhali yawancin waɗanda na sani a ɗakunan sa ido na bankuna, masu kwana suna kallon allo suna bin sawun abin da bai yi kama da gaskiya ba, daga nan suka taso. Maganar dala kana ɗaki kuwa tana faruwa, ban ce ƙarya ba ce, sai dai ba a sati shida ba, kuma kamfanin da ke Ingila ba zai miƙa makullan gidansa ga wanda ba wanda ya taɓa ba shi amanar ko da kwamfuta goma.

Abu na ƙarshe, za ka haɗu da masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato, wasu ma su ce za su zauna maka. In aka gano, soke takardar ake yi. In ba a gano ba, za ka zama yaron nan mai gumi.

Tambaya daga Katsina: Malam ni uba ne, 'yata za ta gama sakandare bana ta dage sai ta cike tsaron intanet a JAMB. Ni kuma abin da nake ji wannan karatun 'yan yahu ne, kuma ban ga ya dace da 'ya mace ba. Na ce ta yi aikin jinya ta ƙi.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya raya ta. Ka kwantar da hankalinka, wannan karatun masu kama 'yan yahu ne, ba na 'yan yahu ba. Kuma in ka lura yawancin masu damfarar nan ba wani ilimin kwamfuta gare su ba, baki ne da ƙarya, su kira mutum su ce daga banki ne ya ba su lambar da aka turo masa.

Kwas ne da hukumar jami'o'i NUC ta amince da shi, jami'ar fasaha ta tarayya da ke Minna tana da sashe sukutum na wannan fanni tun da daɗewa, kuma sabuwar manhajar karatu da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta ware shi a matsayin digiri mai zaman kansa a ƙarƙashin fannin kwamfuta. A ɓangaren foli ma hukumar NBTE a 2024 ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki tsaron intanet da kare bayanai. Abin da zan ce ku duba shi ne makarantar da za ta shiga, sunan kwas ba shi ne ba, a je a gani da ido ko suna da ɗakin gwaji mai aiki da malaman da suka taɓa yin aikin. In babu, gara ta yi digirin kwamfuta zalla a makaranta mai kyau ta ɗora tsaron daga baya, ba abin da ta rasa. Ta riƙe lissafi da fiziks da kyau.

Maganar 'ya mace kuwa, Alhaji aikin nan na zama ne da natsuwa da lura, ba ɗaukar buhu ba. Kuma ka tuna yawan 'yan matanmu da matan aure da ake kwace wa shafin Facebook ko a riƙa yi musu barazana da hotunansu, ba sa iya kai kuka wajen namiji, sai su yi shiru abin ya ci su. Muna bukatar irin 'yarka sosai. Jinya ma aiki ne mai albarka, amma wanda aka tura dole ba ya daɗewa.

Tambaya daga Gombe: Yallaɓai shekarata 9 ina aikin kwamfuta a wata ma'aikatar gwamnati, yanzu ni ne kusan babba a sashen amma duk abin da na ce a saya sai a ce ba kuɗi, kuma in abu ya lalace ni ake zagi. Ina son in ci gaba, shin masta zan yi ko CISSP ko kuwa PMP? Kowa da abin da yake gaya min.

Amsa: Abokin aiki, sannu da fama, wannan ciwon na san shi. Amsar ta danganta da inda kake son ka tsufa. In a gwamnati za ka zauna, fayil ya fi gane takardar jami'a, don haka masta za ta fi yi maka amfani wajen ƙarin girma, ka kuma tabbatar ka yi rajista da CPN, majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta da dokar 1993 ta kafa. In kuma idonka na kan banki, kamfanin sadarwa ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, to can satifiket ɗin ƙwararru ya fi magana.

CISSP ta ISC2, babbar takardar ƙwararrun tsaron bayanai, tana son shekara 5 na aiki a aƙalla fanni 2 cikin fannoninta 8, digiri na iya rage maka shekara ɗaya, kuma sai wani mai riƙe da takardarsu ya tsaya maka. CISM, takardar manajojin tsaron bayanai ta ƙungiyar ISACA, ita ma shekara 5 ne, 3 daga ciki a matsayin mai jagorantar harkar tsaron bayanai, kuma ni a ganina ita ta fi dacewa da wanda ya nufi kujerar manaja, ISACA suna da reshe a Abuja da Legas in kana son haɗuwa da 'yan'uwa. PMP ta tafiyar da ayyuka ce gaba ɗaya ba ta kwamfuta kaɗai ba, mai digiri sai ya nuna wata 36 yana jagorantar aiki. Amma kafin duk waɗannan, wadda ta fi sauƙi kuma za ka ga amfaninta gobe da safe ita ce ITIL matakin farko, takardar tsarin tafiyar da sashen kwamfuta, ita ke koya maka yadda ake karɓar koke a rubuce, a bi shi, a san wa ya canza me kuma yaushe. Ka kuma sani manyan nan ba a biya sau ɗaya a huta, CISSP da CISM duk akwai kuɗin shekara da dala, da awa 120 na ƙarin ilimi duk shekara 3.

Yanzu batun ba kuɗi. Takarda ba za ta warware maka wannan ba sai ka canza yaren da kake yi wa oga. In ka shiga ofishin darakta kana cewa a sayi abin tace netwok da lasisin kaza, shi abin da yake ji kawai yaron nan na son kwangila. Ce masa ranka ya daɗe, in sabar nan, babbar kwamfutar da ke riƙe bayananmu, ta mutu ranar 25 ga wata albashin ma'aikata ba zai fita ba, kuma ba mu da kwafin bayanan a ko'ina. Ka rubuta a takarda, ka sa kwanan wata, ka ajiye naka kwafin. Shugabancin sashen kwamfuta kenan, rabinsa lissafin kuɗi ne da iya zama da mutane.

Ka tuna abin da ya faru a Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganin marasa lafiya wajen 19,000. Microsoft sun fitar da maganin wannan ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Ba ƙarancin gwanayen kutse ne ya kayar da su ba, rashin wanda zai tsaya ya ce kwamfuta nawa muke da su, wacce aka sabunta, wacce ba a sabunta ba. Aikin manaja ne wannan, kuma shi ne aikinka yanzu ko an ba ka sunan ko ba a ba ka ba.

Tambaya daga Kano: Ni lauya ce, ƙawata kuma akanta, ba mu iya rubuta manhaja ba ko kaɗan. Akwai wajenmu a wannan harka?

Amsa: Akwai Barista, babba ma. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ce manyan masu riƙe bayanan mutane, irin bankuna da kamfanonin waya, sai sun naɗa jami'in kare bayanai, in an yi musu kutse mai haɗari ga mutane su sanar da hukumar cikin awa 72, kuma tarar manya tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Wa zai karanta wannan ya fassara wa kamfani in ba irinki ba? Ki haɗa da dokar laifukan intanet ta 2015 da aka gyara a 2024, ki karanci ISO 27001, ma'aunin duniya na tsaron bayanai a ma'aikata, kin samu abin yi.

Ƙawarki kuma ta duba CISA, ta masu binciken tsarin kwamfuta ce, tunaninsu ɗaya da na odita, wa ke da izinin taɓa me, wa ya sa hannu, ina shaida. A Fabrairun 2016 an sace dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangaladash ta hanyar tura umarnin biya na bogi, irin wannan rami mai bin diddigi ake so ya gano kafin ɓarawo. Sai dai ku biyun kar ku ce ba ruwanku da fasahar kwata-kwata, ku yi ko da CC ɗin da na ambata a sama don kar injiniyoyi su riƙa rufe ku da turanci a wajen taro.

Tambaya daga Damagaram: Malam mu nan da Faransanci muka yi karatu, turancin Ingilishi kaɗan ne. Za mu iya?

Amsa: Za ku iya ɗan'uwa. Darussan makarantar Cisco ta intanet akwai su da Faransanci, fara da su. Amma kar in ɓoye maka, manyan jarrabawoyin nan da yawancin bayanan kayan aiki da Ingilishi suke, don haka ka riƙa koyonsa a hankali tare da netwok ɗin, na karatu ake bukata ba na surutu ba. In ka haɗa harsunan biyu ga Hausa, ka fi mu kasuwa, daga Yamai har Dakar har Abuja.

Tambaya daga Kaduna: Oga tunda kun iya harkar nan dan Allah a koya min yadda zan shiga WhatsApp ɗin wadda zan aura ba tare da ta sani ba, zargi nake yi. Ko nawa ne zan biya.

Amsa: Malam ango, a'a. Irin wannan saƙon duk wata sai na samu, kuma amsar ba ta canzawa. Shiga wayar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar 2015 ɗin nan, akwai tara akwai ɗauri, ga kuma hanin da addini ya yi kan bin diddigin sirrin mutane. Ko masu gwajin kutse da kamfanoni ke biya ba sa taɓa komai sai da takardar izini a hannu wadda ta faɗi iyakar inda za su tsaya. Sannan waɗanda ke talla a Facebook cewa za su buɗe maka WhatsApp ɗin kowa, kai ne abincinsu, za su karɓi kuɗinka, wasu su sa ka tura musu lamba shida da ta shigo wayarka, kafin la'asar suna cikin naka shafin suna roƙon 'yan'uwanka kuɗin asibiti da sunanka.

In zargi ya yi maka yawa ka je ka zauna da ita, ko ka tura manya, tun ba a kai lefe ba. Kuɗin da ka ware kuma ka ƙara a na sadaki. Kafin nan shiga saitin WhatsApp ɗinka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, don daga yadda ka rubuto na san ba ka kunna ba.